Karen da Ya Hana Ni Ganin Madina

Tun da na dawo kun hana ni sakat. Wannan ya ce yaya Makka, wancan ya ce yaya Madina, Garba mai shayi kuwa kullum tambayarsa ɗaya, wai da gaske ne ana zubar da shinkafa da nama a bola. To yau kasuwa ba ta ci ba, naman ma na riga na shanya, ku matso in faɗa sau ɗaya in huta. Amma tun yanzu, wanda ya zo jin labarin Madina ya tashi ya kama gabansa, ban je ba. Umra na yi ta, alhamdu lillahi. Sauran kwanakin kuwa a Jidda na yi su, a hawa na uku, ina wasa da kare. Ku yi dariyarku ku gama. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na dara.

Manyan cikinku sun san Yaya Hajo, ita nake bi. Bayan rasuwar mijinta ta tafi Jidda aikin gida, kuma yaran da aka haifa a shekarar da ta tafi yanzu su ake aike kasuwa. Ba ta taɓa zuwa gida ba. Inna kuwa kun ga yadda ta koma, ido ya tafi, ƙafa sai da sanda. Ranar da zan tashi na durƙusa ina mata sallama, na ce me zan taho mata da shi, dabino ko zamzam ko darduma. Ta ce, "Isuhu, ka sha zamzam ɗinka. Hajo nake so. Ka taho mini da ita in shafa fuskarta." Na ce in sha Allahu. Da wannan saƙon na fita daga gida.

Daga Maradi zuwa Yamai kun san hanyar, ba sai na ja ba. A mota aka cusa ni kusa da wani Alhaji ɗan Tasawa wanda ya ce shi zuwansa Saudiyya ba ya ƙirguwa. Bawan Allahn nan bai yi shiru ba. Kada ka ba kowa fasfonka, kada ka zura wa ɗan sanda ido, kada kuma ka ƙi kallonsa. Da muka tsaya salla a Konni na yago kilishi na miƙa masa, ko bakin zai samu wani aikin. Ya ci, ya yaba, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Jirgi kuwa ban ji daɗinsa ba, kada wani ya ruɗe ku. Kunnuwana suka toshe, abincin da aka kawo ko gishiri bai ji ba. Muka ya da zango a Adis Ababa, can shugaban ayarinmu ya ce kowa ya ɗaura harami. Mutum mai tumbi irina da tawul biyu, babu wando babu tazuge, kuma a jirgi na biyu sanyi kamar an buɗe firiza. Hannu ɗaya a ƙugu na iso Jidda.

A filin jirgi aka ce kowa ya ɗora yatsu a kan wani gilashi. Kowa ya ɗora ya wuce, ni injin ya ce bai san ni ba. Wuƙa da gishiri da wuta sun cinye zanen yatsuna tuntuni. Jami'in ya ce in sake, na sake. Ya ba ni wani mai na shafa, na sake. Layi ya taru a bayana, wata tsohuwa 'yar Damagaram tana cewa, "Kai mai tawul, in ba ka da yatsu ka ba masu shi wuri." Da ƙyar ƙaramin yatsana na hagu ya cece ni. A wurin 'yan duwan, masu binciken kaya, kuma aka buɗe jakata, mutumin ya zaro fallen kilishi ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya shinshina, ya yi atishawa, ya mayar ya ce, "Yalla," wato in wuce. Kalmar Larabcin Jidda ta farko da na koya ke nan.

Da na ga Ka'aba sai na tsaya ina kuka, ƙato da ni, mutane na ture ni ta ko'ina. Wannan kam ba na iya ba ku labarinsa, Allah ya kai kowa ya gani da idonsa. Muka gama, aka yi mini aski. Ayarinmu suka shirya tafiya Madina, ni kuma na ce su yi gaba, zan leƙa Jidda in ga yayata in kwana biyu, in ji maganar tafiyarta, sannan in same su.

Hajo ta tare ni a ƙofar wani bene da ke arewa da unguwar Sharafiyya. Ba don muryarta ba da na wuce ta. Tana jan ƙafa, baƙar abaya har ƙasa.

"Isuhu, kai ne ka yi furfura haka?"

"Yaya, ai ke kika fara."

Muka yi kukanmu a nan bakin ƙofa, sannan muka hau. Kowane mataki sai ta dafa gwiwa ta huta. Tana buɗe ƙofar gidan wani sanyi ya bugo ni, sai ga wata halitta a guje, gashi buzu-buzu, fari da toka, idanu shuɗaye kamar an ɗiga bula. Na ɗauka kyarkeci ne. Kafin in gama a'uzu billahi ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjina yana lasar gemuna. Duk wankan Makka bai fitar da warin nama daga jikina ba. Ni da na girma ina jifan karnuka a mahauta, yau ga wani ya rungume ni. Hajo kuwa tuni ta shige kicin ta turo ƙofa, daga can take ba ni labari.

Karen na Fahad ne, ɗan masu gida. Daga ƙasar ƙanƙara aka kawo shi, irin waɗanda ke jan kaya a guje wuni guda ba su gaji ba. Sunansa na Turawa ne, harshena ya kasa, sai na sa masa Ɗan Gata. Masu gidan duk sun tafi hutun sanyi wata ƙasa, direba ma ya tafi ganin iyalinsa. Da suna nan, Fahad kan saka shi a mota da yamma ya kai shi bayan gari ya yi gudu. Yanzu ba mota, ba direba, kuma mai benen ya hana ajiye kare, a ɓoye ake riƙe da shi. A ƙarƙashinsu akwai wani dattijo, Abu Salim, ɗan'uwan mai benen ne, kunnensa ba ya kuskure.

"To ina ruwanki, Yaya?" na ce.

"Ruwana kuwa. Madam, matar gidan, ta ce in sun dawo suka tarar da gida lafiya, kare lafiya, ba wanda ya kai ƙara, maigida zai yi mini huruj da auda, wato izinin fita da dawowa. Shi ne kafilina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar nan, iƙamata, takardar zamana, a hannunsa take. Abu ne na danna waya, Isuhu, amma sai ya danna. In kuwa aka kai ƙara, halas, magana ta ƙare."

Ina shirin tambayar me zai sa a kai ƙara, sai ladanin masallacin da ke jikin benen ya ɗaga murya, la'asar ta yi. Ɗan Gata ya zauna, ya ɗaga kai sama, ya saki wani dogon kuka da sai da tsigar jikina ta tashi. Hajo ta kunna injin shara da injin wanki lokaci guda don su danne shi. Ashe haka take yi tun da suka tafi. Ni kuwa a ruɗe na cire takalmina zan kwaɗa masa, sai ya cafke takalmin. Na ja, ya ja. Na ja, ya ja, yana kaɗa wutsiya. Har ladan ya sauke bai sake cewa uffan ba.

Hajo ta leƙo daga kicin ta dube ni. Ban taɓa ganin roƙo mai nauyi irin na idanunta ba. Da yamma na kira shugaban ayarinmu na ce kada su jira ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Madam ta yarda ta waya in kwana a ɗakin direba, a ƙasa, gefen na mai gadi. Ɗaki ne da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Mai gadin, Amm Haruna, dattijo ne baƙi kamar mu, da farar jallabiya. Yana jin ina waya da Hausa ya leƙo. "Ya salam! Shuf, ni ma Bahaushe ne. Kakana daga Katsina ya zo, a ƙafa. Ni wallahi ma shuft Katsina, ban taɓa gani ba." Hausarsa rabi da rabi ce, in ta ƙare masa sai ya zarce da Larabci bai ma sani ba. Kullum da safe yakan kawo wake dafaffe da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi, mu ci tare. Abincinsu akwai yawa, Garba, kuma e, ana zubarwa. Sai dai babu yaji, naman kuma daskararre ne daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Game da kare kuwa Amm Haruna ya ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba. Bas in Abu Salim ya ji, ba ni da hila," wato babu yadda zai yi.

Garin ya ba ni mamaki ta nan. A wurinmu kare ne a titi, kyanwa a ɗaka. A can kyanwoyi ne suka cika titi, a kan kowace bola, kare kuwa ko ɗaya ban gani a waje ba. Sanyin da suke ta sa rigar sanyi dominsa bai kai na safiyar damina a nan ba. Sanyin gaske yana ɗakin Ɗan Gata, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana. A nan nake wuni, lulluɓe da bargon direba, hanci na zuba.

Fahad ya riƙa turo saƙon murya, Hajo na fassara mini. Ya ce karen nan in bai gaji ba zai yi kuka, kuma gajiyar jiki kaɗai ba ta isa, sai an gajiyar da kansa. Ni dai na ce to. Da safe sai mu yi ƙwallo a dogon lungun da ke tsakanin ɗakuna, bayan na shimfiɗa barguna kada Abu Salim ya ji gudu a kansa. Na jefa, ya ɗauko. Na jefa, ya ɗauko. Kafaɗata ta dama har yau ba ta dawo daidai ba. Sai wasan kofuna: in kife kofi uku, in ɓoye ɗan abin ci a ƙarƙashin ɗaya, in jujjuya, ya nemo da hanci. Sai in rufe shi a ɗaki in bi gida ina ɓoye abin ci, bayan labule, ƙarƙashin kujera, cikin takalmin maigida, in buɗe shi ya bi yana shinshine. Wannan ya fi komai kwantar da shi. Akwai kuma injin gudu na Madam, wanda mutum ke gudu a kai bai je ko'ina ba. Fahad ya ce in hau in nuna masa. Na hau na danna abin da bai kamata ba, injin ya watso ni na bugi bango. Hajo ta yi dariya har da hawaye, kuma ita ce dariyarta ta farko tun zuwana. Karen kuwa ya hau ya yi tafiyarsa tsaf.

Duk wannan share fage ne. Aikin gaske shi ne lokacin kiran salla. Na kitsa igiya da tsofaffin zannuwan Hajo, kuma kafin ladan ya taɓa lasifika sai na tabbata igiyar na bakin kare. Yana ja ina ja, ina amsa kiran a ƙasan maƙoshi. Ta taga ina hango mutane na tafiya masallaci, Abu Salim a gaba da sandarsa. Ni da na sayar da saniya na zo ƙasar nan don salla, sai an sallame nake yin tawa, ni kaɗai, a ɗakin direba. Asuba ta fi wuya, don gari shiru ne, ko tari aka yi ana ji. Juma'a kaɗai nake fita. Ranar sai in dafa romon ƙashi ba gishiri, in daskarar da shi a kwano, Hajo ta tura masa da sandar goge ƙasa, ya yi ta lasa har a sauko.

Maganar yawu kuma ta dame ni. Amm Haruna ya ce duk inda ya lasa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na kira malaminmu na nan gida, ya gama dariyarsa, ya ce a mazhabarmu yawun bai ɓata tufa, in yi sallata. Amma zuciya ta ƙi kwanciya. Na ware riga ɗaya ta kare, ɗaya ta salla. Ƙasa kuwa ina za ka same ta a gidan da ko'ina tayil ne? Sai tukunyar furen Madam da ke falo. Kullum in ɗebi kaɗan, kullum in ɗebi kaɗan, har ranar da furen ya kwanta a gefe, saiwa a waje. Hajo ta ɗora hannu a ka. Amm Haruna ne ya samo mana yashi a leda daga inda ake wani gini, muka tallafe furen da cokali.

Ana nan sai kwalin abin cin da Fahad ya bari na wasa ya ƙare. Na duba jakata, ga sauran kilishin da na kawo wa Hajo tsaraba. Na ce karen da ya ci wannan ai ya gode wa Allah. Na yayyaga na bi gida ina ɓoyewa. Ranar bai taɓa wasa da zafi irin haka ba, har ya ture kujera. Na ƙara masa. Washegari na ƙara.

Rana ta uku ya ƙi tashi. Ya yi amai, ya yi zawo a kan dardumar falo, ya kwanta ya ɗora kai a ƙafafunsa. Aka kira azahar bai ko ɗaga kunne ba. Shirun da na yi ta nema ya samu, kuma shi ne ya fi tsorata ni. Hajo ta zauna daɓas a ƙofar kicin tana cewa, "Shi ke nan. Shi ke nan, Isuhu. Ba zan ga Inna ba."

Amm Haruna ya kira wani Lawali, ɗan Damagaram da ke tuƙa motar kaya a ɗakunan ajiya na unguwar Khumra. Ya zo da kwalin injin wanki, muka saka karen a ciki, muka kinkimo. A hawa na biyu sai ga Abu Salim ya buɗe ƙofa. Ya dubi kwali, ya dube mu. Amm Haruna ya ce masa da Larabci injin wanki ne ya lalace. Dattijon ya matsa mana, har da yi mana addu'a. Muna isa ƙasa Amm Haruna ya jingina da bango yana istigfari, ya ce mini, "Ya shekh, ka sa na yi ƙarya da furfurata."

Asibitin dabbobin ya fi na garinmu tsabta, wannan kuma ku bar shi a nan. Likitan, wani Basudane, ya ce me ya ci. Na zaro sauran kilishin. Ya gutsura ya tauna, ya gyaɗa kai, ya ce na mutane ne mai kyau, amma albasa da tafarnuwa da ke ciki guba ne ga kare, balle barkonon. Aka ɗaura masa ruwa. Na zauna a kan benci tsakanin mata masu riƙe da kyanwoyi, na ɗaga hannu. Ni Isuhu, a ƙasa mai tsarki, ina roƙon Allah ya tashi kafaɗun kare. Abin da na ware don tsarabarku ma can ya tafi, shi ya sa kuka ga dabino kaɗai.

Allah ya sa ya tashi. Muka dawo da shi cikin kwalinsa. Da aka kira magariba ya buɗe baki zai yi kuka, na cusa masa igiya ina hamdala. Hajo ta wanke dardumar har sau ba adadi, ta ce, "Wannan maganar ta mutu a nan."

Hutu ɗaya na samu. Wata rana aka tsuge da ruwa, irin nasu na lokacin sanyi, wanda kan mai da titi kogi. Ƙarar ruwa ta danne komai. Na buɗe taga, Ɗan Gata ya zura hanci yana shaƙa, na bar shi ya yi kukansa son ransa. Ni kuma na jingina da bango barci ya kwashe ni a zaune.

Daga ƙarshe masu gida suka dawo, kwanakin bizata kuma sun kusa cika. Fahad ya rungume karensa yana ta surutu. Karen ya yi sumul, ya daina tauna kujeru, in aka nuna masa ƙasa sai ya kwanta. Madam ta sa aka kira ni falo, abin da ba a taɓa yi wa direba ba, aka zuba mini gahawa a ɗan kofi da dabino. Hajo na tsaye a gefe tana fassara. Madam ta tambaya ko karen ya ba mu wahala. Hajo ta ce, "La, abadan," wato ko kaɗan. Ni ma na gyaɗa kai. Wa zai dubi mai gida ya ce aikinsa ya ba shi wahala? Ku ma da haka za ku ce.

Sai Madam ta nuna ni, ta nuna Hajo, ta ce wane ne ya gyara shi haka. Kun san yadda aka rene mu, ƙane ba ya karɓar yabo yayarsa na tsaye. Kuma na ce a raina, in darajarta ta ƙaru a idonsu, ai wayar za ta dannu da wuri. Ban jira fassara ba. Na tattaro ɗan Larabcin da na tsinta a wurin Amm Haruna, na dafa ƙirji na ce, "Ana la. Ukhti. Kullu ukhti." Wato ba ni ba ne, duk yayata ce.

Madam ta tafa hannu. Ta juya ga mijinta ta yi magana mai tsawo, Fahad ya tashi ya sumbaci goshin uwarsa. Ni ina ta murmushi, na ɗauka an gama. Na dubi Hajo. Ita ma murmushin take yi, bai bar fuskarta ba, ta shiga fassara mini a hankali.

"Ta ce Fahad zai tafi karatu waje kwanan nan. Da sun yanke za su kai karen gonar wani ɗan'uwansu a Ɗa'ifa, tunda ba mai iya shi. Ta ce yanzu ba sai an kai shi ba, tunda na iya. Ta ce tafiyata a bari sai Fahad ya dawo dogon hutu, in sha Allah."

Na matsa kusa da ita. "Yaya, gaya mata ni ne. Gaya mata ko taɓa shi ba ki taɓa yi ba."

"In ce mata ƙarya ka yi? Ko ni na yi da na ce babu wahala? In ta ce to me kuma muka ɓoye, in ce mata kilishi?"

"To ni zan faɗa."

"Da wane Larabcin?" Ta karɓi kofin daga hannuna. "Tashi ka yi godiya, Isuhu. Suna kallonmu."

Na tashi na yi godiya.

'Yan kwanakin da suka rage mini, koyarwa na yi. In masu gida sun fita sai in hau. Na nuna mata yadda ake kife kofuna, da inda ake ɓoye abin ci, da yadda ake daskarar da romo. Gwiwarta ba ta iya tsayuwa, sai na ajiye mata kujera a bakin lungu, daga zaune take jefa ƙwallo. Igiyar kuwa na ɗaura ƙarshenta a ƙarfen taga, don in ya fizga kada ya kayar da ita. Ranar da ta fara riƙe ta da hannunta ta kau da kai gefe, leɓenta na motsi, tana amsa kiran la'asar. Na fita na tsaya a matakala, don ban iya kallo ba.

Ba ta raka ni filin jirgi ba, lokacin ya zo daidai da magariba. A bakin ƙofa ta ba ni leda, turare da mayafi na Inna. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ka rantse ba za ka gaya mata kare ne ba." Na rantse. Ku ma da kuka ji, don Allah ya tsaya a rumfar nan.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta, barci na yi har Yamai. Na iso gida da hantsi. Na tarar an share ɗakin Hajo, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an dama fura an rufe da faifai. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta. Na yi sallama ta amsa, amma ba ni take saurare ba, ta karkata kunne tana jiran takun da zai biyo bayana. Ta daɗe a haka.

"Kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Inna. Ta ce a gaishe ki. Aiki ne ya riƙe ta, amma tana tafe."

"Wane irin aiki?"

Na dubi ƙasa, ko da yake ba ganina take yi ba. Na ce, "Reno, Inna. Masu gidan sun bar mata reno."

Ta lalubi ledar, ta zaro mayafin ta shafa shi, ta kai hanci.

"To, Allah ya raya shi," ta ce. "Ai ba a barin yaro. Ka ce mata ta riƙe amana, kada ta yi gaggawa saboda ni. Ku shanye furar nan kada ta yi tsami."